Yanda ake zaɓen zaren saƙa da yanda ake aiki da kowane iri

Da an shiga watan Nuwamba iskar hunturu ta fara kaɗawa nan Tawa, sai kiji mata suna cigiyar mai saƙa hula da safa da suwaitar jarirai, ƴan koyo kuma su ruga kasuwa su kwaso zare dan kawai kalar ta burge su. To ƴar uwa, rabin kyawun saƙa tun wurin sayen zare ake samun shi ko a rasa shi, hannunki ko ya kai mi iyawa in zaren bai dace da abinda kike son yi ba wanki biyu ya isa ya watsa miki aiki. Saƙar tsinke biyu nike magana a kai, amma mai kwarashi ma zata ƙaru, sai dai ta sani kwarashi ya fi cin zare.

Kayan da zaki tanada

Tsinkayen saƙa, aƙalla lamba 3 da 4 da 5, lambar nan kaurin tsinken ne a milimita. Kwarashi guda ɗaya dan kamo idon da ya suɓuce, ido shi ne kowace maɗaukar zare da ke bisa tsinke. Santimetir irin na tela, almakashi, allura mai faɗin kafa marar tsini ta ɗinke gefe da ɓoye jelar zare. Kaye da bik. Alimeti da ɗan faranti na ƙarfe. Farin ƙyalle, tawul, da sikeli ƙarami mai awon giram in da hali.

In baki samu tsinke ba kada ki fasa. Tsinken tsire na gora yana kai kaman lamba 3, ki goge shi da samfefa har ya yi sumul ki shafa mishi kyandir, ki ɗaura roba a gindin dan kada saƙa ta zube ta baya. Wayar ƙafar keke ma tana yi ma siririn zare in an goge bakin.

1. Ki amsa tambaya uku tun a gida

Wa zai sa kayan, wane lokaci, kuma wa zai riƙa wanke shi. Sanyinmu gajere ne, Disamba da Janairu da ɗan abinda ya taɓa Fabrairu, shi ma da asuba da dare ya fi, rana na ɗagawa an tuɓe. Daga Afrilu zuwa Mayu kuwa zafi wuce digiri 40 yake. Kenan suwaita mai kauri irin wadda kike gani a hotunan Turai bata da amfani a nan sai kwana kaɗan a shekara, kuma yaro kafin wata shekara ta mishi kaɗan. Tambaya ta uku ita mutane ke mantawa. In uwar yaro zata jefa rigar cikin bokiti da sauran kaya ne ta cuɗa da Omo ta shanya a igiya, to ki zaɓi zaren da zai jure ma haka, kada ki ce zaki koya mata wankin lallami, da jego a hannu ba zata yi ba.

2. Ki san ire-iren zaren

Akirilik shi ne ya cika kasuwa, mafi yawan abinda mai shago zai miƙo miki ya ce ulu ne to shi ne. Daga man fetur ake haɗa shi. Yana da araha, ba nauyi, kalar bata cika zuba ba, yana bushewa da wuri, asu bai cin shi. Aibinshi bai shan gumi, yaro sai ya jiƙe a ciki, mai arhar kuma yana yin ƙulle-ƙulle a hammata da ciki bayan ɗan lokaci. Babban abinda nike so ki riƙe, akirilik in ya kama wuta narkewa yake ya manne ma fata. Lokacin sanyi ne ake sa shi kuma lokacin ne ake jin ɗumi gaban murhu da kaskon gawayi, dan Allah duk wadda kika saƙa ma yaronta ki faɗa mata.

Auduga ita ta fi dacewa da garinmu in abu zai taɓa fata kai tsaye ko za a sa shi bayan hunturu, rigar jariri mai ramuka, mayafin goyo marar nauyi, jaka, marufin kwano. Tana shan gumi, tana jure ma wanki har da ruwan ɗumi. Amma bata da tsalle, in ta miƙe bata komawa, tana da nauyi, kuma tana gajiyar da yatsu sabida bata bada kai a tsinke. Zaren hannu da tsofaffinmu ke kaɗawa da mazari shi ma auduga ce, ana iya saƙa da shi in ya murɗu da kyau, sai dai abawa tana da saurin tsinkewa sai kin haɗa ta biyu ko kin haɗa ta da wani siririn zare mai ƙarfi, kuma kaurin ba ɗaya bane daga farko zuwa ƙarshe, dan haka ta fi kyau a mayafi da abin ado da ba ruwanshi da awo.

Ulu na gaske gashin tunkiya ne. Tumakinmu na nan, uda da balami da ara-ara, gashinsu gajere ne mai kaushi ba a kaɗa shi, masu ulu a Nijar sai irin su tumakin kundum na bakin kogin Kwara wajen Tillaberi, amma wanda ake saidawa a dunƙule daga waje yake zuwa, mai laushin ciki shi ne na tumakin merino da Ostareliya ta fi kowa kiwo. Ya fi akirilik da auduga ɗumi da tsalle, saƙa da shi daɗi, kuma bai saurin kama wuta. Yana da tsada, asu na son shi, wani yana ƙaiƙayi, in kuma ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya cure ya ƙanƙance har abada. Ni ina ajiye shi ne dan hular dattijo mai fita sallar asuba ko mai tuƙa moto da sassafe, ko ɗalibi mai tafiya karatu ƙasar sanyi.

Akwai gauraye, auduga da akirilik rabi da rabi, a ganina shi ne ya fi ma kayan jarirai a nan, ya ɗauko sanyin auduga ya rage nauyinta. Sai zarurrukan kwalliya, mai gashi-gashi, mai ƙyalƙyali, da mai laushin karan-miski. Ƴar koyo ki bar su tukuna, ba a ganin ido a cikinsu, warwarewa kuma azaba ce. Mai gashi kada ya je kusa da jariri ko kaɗan, yana shiga hanci da baki.

3. Gwajin wuta in zaren ba takarda

Zare da yawa haka yake zuwa tsirara cikin leda. Ki yanki kaman tsawon yatsa, ki riƙe da bakin almakashi bisa farantin ƙarfe, ruwa na kusa, yara na nesa, ki kunna. In ya ci da sauri yana warin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya yi warin ƙonannen gashi kaman ana babbakar kan rago, wutar ta mutu da kanta, abinda ya rage kika murza ya zama gari, ulu ne. In ya narke yana baƙin hayaƙi da warin roba ya bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri, akirilik ne ko danginshi. Kada ki taɓa shi sai ya huce. Gauraye zai nuna miki alama biyu a haɗe.

4. Karanta takardar da ke naɗe da dunƙulen

In akwai ta, komi na ciki. Zaki ga nauyi, galibi giram 50 ko 100, da tsawo a mita, da kason abinda aka haɗa, da hoton tsinke da lambarshi, da ɗan murabba'i mai nuna ido nawa da layi nawa ke cika santimita 10. Sai lamba biyu, ta kala da ta tukunyar rini, a zaren Faransa kaman Phildar an rubuta bain, a na Turkiyya kaman Alize da Nako zaki ga lot. Lambar tukunyar nan ki duba ta a kowane dunƙule ɗaya bayan ɗaya, sabida kala ɗaya daga tukunya biyu a shago iri ɗaya suke, sai kin gama riga kin fita rana ki ga layi ya raba ta biyu.

Wasu takardun suna da hoton dunƙule da lamba daga 0 zuwa 7, tsarin Amurka ne na nuna kauri. Lamba 1 siriri ne na safa, tsinke 2.5 zuwa 3. Lamba 3 shi ne na yawancin kayan yara, tsinke 4, wajen ido 22 a santimita 10. Lamba 4 matsakaici, tsinke 4.5 zuwa 5.5, ido 16 zuwa 20. Lamba 5 mai kauri, tsinke 6 zuwa 8. Ƴar koyo ki fara da zare mai lamba 3 ko 4.

Tsawo ya fi nauyi muhimmanci wajen sayayya. Auduga ta fi akirilik nauyi, dan haka dunƙule biyu masu giram 50 da kauri ɗaya, na audugar ya fi gajarta. Wajen kwatanta kuɗi ma mita zaki duba, wani dunƙulen ƙato ne a ido amma iska ce a ciki.

5. In ba lambar kauri

Ki ɗauki bik ki naɗa zaren a jikinshi, zagaye kusa da zagaye, ba ja ba sakewa, ki auna santimita 2 da rabi ki ƙirga. Zagaye 14 ko fiye siriri ne. 11 zuwa 12 na tsinke 3.5 ko 4. Wajen 9 na tsinke 5. 7 ko ƙasa mai kauri ne. Awon kusa ne kawai, mataki na gaba shi zai yanke hukunci. In kuma siriri kaɗai kika samu alhali mai kauri kike so, ki haɗa sili biyu ki saƙa su tare kaman ɗaya, ki dai lura tsinke na kama duka biyun a kowane ido.

6. Saƙar gwaji, da wanke ta

Nan ne kowa ke tsallakewa dan ɗoki, nan ne kuma aiki ke gyaruwa. Lambar da ke takarda hannun wani ce, naki hannun daban, wata na matsewa wata na sakewa, ke kanki ranar da kike cikin fushi ba ɗaya take da ranar da kike hira ba. Ki ɗora ido da zai baki faɗin santimita 15, ki saƙa har tsawo ya kai 15, da ainihin adon da zaki yi a kayan, in kitso ne kitso in ramuka ne ramuka, sabida kitso na tsuke saƙa ramuka na buɗe ta. Ki rufe ki cire daga tsinke, kada ki auna tana bisa tsinke.

Ki shimfiɗa ta, ki aza santimetir a tsakiya ba a gefe ba, ki ƙirga ido nawa cikin santimita 10 a kwance, layi nawa a tsaye, har rabin ido ki rubuta shi. Sannan ki wanke ta daidai yanda za a riƙa wanke kayan, sabulun da za a sa, irin cuɗar da za a yi. Kafin ta bushe ki matse ta cikin farin ƙyalle ki ga ko kala na fita, jar auduga da shuɗi mai duhu su suka fi wannan hali. Ta bushe sarai, ki sake aunawa. Awo na biyu shi ne naki. Auduga kan ɗan tsuke a wankin farko daga baya ta zazzago da nauyinta, dan haka in doguwar riga zaki yi ki rataye gwajin kwana ɗaya da ƴan maƙalan shanya a ƙasanshi ki ga iya miƙewar. Ki goga shi a wuyanki da cikin hannu, in ya soke ki to jariri ya fi ki jin shi. Ki murza shi da ƙarfi tsakanin tafukanki, in ya fara ƙulle-ƙulle tun yanzu kin san abinda ke gaba.

In ido ya fi yawan da takardar zare ko tsarin da kike bi ya ce, hannunki ya matse, ki ƙara girman tsinke da rabin lamba. In bai kai ba ki rage. In saƙar ta yi tauri bata lanƙwasa ko ta yi sako-sako ana hango yatsa, ki canza tsinke ko da lissafi ya yi daidai, in ya ƙi to zaren ne bai dace ba. Ki ɗaura ma gwajin takarda da sunan zare da lambar tsinke ki ajiye, wata rana zai hutar da ke.

7. Lissafi

A ce gwaji ya baki ido 20 a santimita 10, kenan ido 2 a kowace santimita. Kan jariri sabon haihuwa wajen santimita 34 zuwa 35 yake, hula kuma ana rage mata kaɗan dan ta kama, ki ɗauki 32, sau 2, ido 64. Duba abinda ke faruwa in an ƙi gwaji, tsari, wato rubutaccen bayanin saƙar da kike bi, ya ce ido 22 ke kuma hannunki 20 yake bayarwa, rigar da aka so ƙirjinta ya zama santimita 100 mai ido 220 zata fito 110.

Yawan zare kuma, ki aza gwajin a sikeli. A ce mai 15 da 15 ya yi giram 9, 15 sau 15, 225 kenan. Bargon jariri mai 75 da 90 ya kama 6750, ki raba da 225 ya baki 30, sau giram 9, giram 270. Ki ƙara kashi ɗaya cikin goma dan gefe da jela, ki sayi giram 300. In ba sikeli, ki saƙa dunƙule ɗaya har ya ƙare ki auna inda ya kai, amma ki roƙi mai shago ya ajiye miki sauran na tukunya ɗaya ko ki bada kafin alƙalami. In tsarin da kike bi ya ce dunƙule 6 masu mita 125, mita 750 ake nema, naki in mai mita 250 ne 3 sun isa, ki ƙara ɗaya. Kullum ki sayi duka lokaci ɗaya, kaya daga Ƙonni ko Yamai suke zuwa, kalar da kika gani yau ba lalle ki same ta wata mai zuwa ba. Ragowa bata ɓaci, safa ce.

8. Zare da ado su dace

Kitso da adon da ke tasowa suna son zare mai sumul, mai murɗi sosai, kala ɗaya mai haske. Zare mai canza kala da kanshi yana haɗiye ado, ki mishi saƙa miƙaƙƙiya ya nuna kanshi. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu suna wahalar da ido, balle da dare in wuta ta ɗauke, ki bar su sai hannu ya faɗa. Fari kuma ki tuna ƙurar hunturu, ruwan madara ko ruwan toka sun fi rufa asiri.

In zaki haɗa kala biyu, ki jera dunƙulen ki ɗauki hoto da waya ki maida shi baƙi da fari, in sun zama ɗaya a hoton to adon ba zai fito daga nesa ba. Kuma su zama iri ɗaya kauri ɗaya, kada ki haɗa ulu da auduga a layi-layi, wanki ɗaya wani ya tsuke wani ya saki. Bakin hannu da bakin hula in da auduga ne ki saƙa su da tsinke ƙasa da na jiki da lamba ɗaya, ko ki bi da siririn zaren roba ta ciki.

9. Lokacin saƙa

Ki jawo zaren daga cikin dunƙule ba daga waje ba, ki sa shi cikin kwano mai murfi ko leda dan kada ya yi birgima a ƙasa. Ki wanke hannu, lalle sabo da man shafawa suna ɓata zare mai haske. In zare ya ƙare ko kika ci karo da ƙulli daga kamfani, kada ki saƙa ƙullin ciki, ki yanke ki haɗa sabo a farkon layi, ki bar jela santimita 15 kowane ɓangare ki ɓoye da allura daga baya. Akirilik da auduga suna da santsi, jelarsu ki bi da ita gaba ki dawo baya kafin ki yanke. In dole ta sa kika samu tukunya biyu, ki riƙa layi biyu da wannan layi biyu da wancan na ɗan tsawo, bambancin sai ya narke. Auduga mai rabewa tana son tsinke marar tsini sosai da hutun hannu akai-akai. A kayan jariri banda doguwar igiya a wuya, maɓalli kuma a ɗinke shi gam.

10. Zare daga bosho

In kuɗi sun yi kaɗan ko kina son ulu na gaske, suwaitar bosho hanya ce. Ki juya ta ciki ki duba ɗinkin gefe. In an yanka gefen an bi shi da keken sirfila, ki aje, guntu-guntu zaki samu. In gefen biyu lafiyayyu ne an haɗa su da ɗinki mai kama da sarƙa, ita ce. Ki guji wadda ta cure ko siririya ƙwarai. Ki kwance ɗinkin, ki fara warwara daga sama, wuya da kafaɗa, kina naɗawa a bayan kujera. Ki ɗaure naɗin wuri huɗu, ki jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan ba cuɗa, ki rataye a inuwa har lanƙwasar ta saki, sannan ki dunƙule sako-sako. Daga nan ki koma mataki na 3 da na 5 da na 6, sabida ba takarda.

11. Wanki da ajiya

Ulu ruwan sanyi da ɗan shamfu, a jiƙa a matsa a hankali, ba murɗawa, ba jabel ko ɗigo. Akirilik da auduga suna ɗaukar sabulu na yau da kullum, amma su ma kada a murɗe su. Kowane iri ki naɗe shi cikin tawul ki taka ruwan ya fita, ki shimfiɗa a tabarma a inuwa ki gyara mishi siffa da hannu. Rataya jiƙaƙƙen saƙa a igiya ita ke maida rigar ɗan wata uku ta ɗan shekara. Dutsen guga kada ya taɓa akirilik, yana kashe shi ya yi laɓo-laɓo kuma bai dawowa, auduga kaɗai ke ɗaukar guga shi ma da ƙyalle a tsakani.

In sanyi ya wuce a wanke kafin a ajiye, asu datti da gumi yake bi. A ninke, kada a rataye, a sa cikin leda ko akwati mai rufuwa da busasshen ganyen bedi, a ɗaga shi daga ƙasa sabida gara da laimar damina. Ƙwayar kafur tana korar asu amma kada ki sa ta cikin kayan jarirai, guba ce gare su. Wadda kika saƙa ma, ki rubuta mata irin zaren da yanda ake wanke shi a ƴar takarda, ki haɗa mata da ɗan ragowar zaren dan ranar da wani wuri zai ɓule.